Wa 'Yan Sandan Indiya Za Su Iya Sa wa Ido?

A jihar Punjab ta Indiya, ofisoshin 'yan sanda na ajiye kundin sunayen waɗanda aikata laifi ya zame musu jiki domin sa musu ido, bisa ƙa'idojin 'yan sanda na 1934.

Ba da ka ake shigar da suna ba. Ana sa wanda kotu ta kama da wasu laifuffuka sau biyu ko fiye, da wanda ake da ƙwaƙƙwaran dalilin cewa ya saba aikata laifi ko yana karɓar kayan sata, ko da ba a taɓa hukunta shi ba. Babban jami'in 'yan sandan gunduma ne ke ba da umarnin, kuma kundin sirri ne.

A 1980, a shari'ar Malak Singh, Kotun Ƙoli ta amince da tsarin, amma da sharaɗin a sa ido ba tare da takura wa mutum ko zubar masa da mutunci ba. Tun kafin nan, a 1962, kotun ta soke wata ƙa'ida da ta ba 'yan sanda damar ƙwanƙwasa wa wanda ake zargi ƙofa da tsakar dare. Wanda aka sa sunansa babu hujja yana iya garzayawa kotu.