Idan sabis ya ɗauke, ta yaya saƙo zai zaga gari?

A watan Satumban 2021, gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kwanaki kaɗan bayan an yi haka a Zamfara. An yi ne don raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Amma katsewar ta haɗa har da manomin da zai hango baƙin babura daga gona, ga waya cike da caji a aljihu, babu halin ya sanar da gida.

Alhali wayar nan ba sai ta bi ta turken kamfani take magana ba. Duk wanda ya taɓa tura karatu ko fim ta Xender ko Bluetooth ya ga waya biyu suna gaisawa ba kati ba data. Nisa ne cikas, domin Bluetooth ba ya wuce 'yan gidaje. Dabarar masana ita ce kowace waya ta karɓi saƙo ta miƙa wa ta gaba, har ya isa inda ta farko ba za ta kai ba. Da irin wannan raga masu zanga-zanga a Hong Kong suka yi amfani a 2014 ta manhajar FireChat, kuma a kan irin wannan raga Jack Dorsey ya gina manhajar Bitchat a 2025.

Wahalar tana wajen miƙawar. Hanya mafi sauƙi ita ce duk wadda ta ji ta maimaita nan take. A ce wayoyi 200 ne a kasuwa, duk suka ɗauka lokaci guda: saƙonnin za su yi karo a iska, batir ya zube, wanda ke gefen gari kuma bai samu komai ba. Tun 1999 wasu masu bincike a Taiwan suka bayyana wannan matsala. Kamar a ce sankira ya yi shela, kowa da ke wurin ya ɗaga murya yana maimaitawa, na nesa sai dai ya ji hayaniya.

Maganin farko shi ne a ba kowane saƙo lambar shaida, ta yadda wayar da ta riga ta gan shi ba za ta sake turawa ba. Sannan a ƙayyade masa zango. A Bitchat zango 7 ne, kowace waya ta rage ɗaya, idan ya ƙare saƙon ya tsaya. Wanda ya fi burge ni shi ne tsarin Trickle, da Philip Levis da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 2004. Na'ura ba ta gaggawar magana. Takan jira na ɗan lokaci tana saurare. In ta ji maƙwabta sun riga sun faɗi abin da take riƙe da shi, sai ta yi shiru. Muddin babu sabon labari, tana ninka tazarar da ke tsakanin maganganunta, batir ya huta. Da zarar ta ji wata na ɗauke da tsohon bayani ko wanda ya fi nata sabunta, sai ta koma magana akai-akai har kowa ya daidaita.

To amma ƙauyukanmu ba a cunkushe suke ba, tsakanin wannan da wancan akwai gonaki da daji. Nan ne rediyon LoRa ke da amfani. 'Yar na'ura ce da ƙaramin faifan sola ke riƙewa, tana jefa gajeren rubutu kilomitoci da dama idan an ɗora ta a kan tankin ruwa ko hasumiyar masallaci. Ba ta ɗaukar hoto ko bidiyo, amma “a bar hanyar Sheme” bai buƙatar hoto.

Akwai abin tsoro, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Ragar da za ta kai gargaɗi ita ce za ta kai ƙarya, infoma ma zai iya shiga cikinta. Ihu ɗaya na ƙarya ya isa ya watsa kasuwa, ya kuma sa a ƙi yarda da na gaskiya gobe. Saboda haka dole saƙon gargaɗi ya ɗauki sa hannun sirri na na'urar da aka sani, ta mai gari ko ta jami'in tsaro, wanda kowace waya za ta iya tantancewa kafin ta miƙa.

Yankin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamban 2020 ya cancanci a gwada masa wannan. Muna kira ga gwamnatin jiha da hukumar sadarwa ta NCC su haɗa kai da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, a zaɓi gunduma guda a Faskari ko Sabuwa, a kafa na'urorin, a auna tsawon lokacin da saƙo ke ɗauka daga gona zuwa ƙofar mai gari.