Karyewar Haƙorin Karen Gida: A Cire Ko A Gyara?

Duk wanda ya san ƙauyukan da ke kewaye da Agyaragu, a kan hanyar Lafiya zuwa Makurɗi, ya san irin matsayin da kare yake da shi a gidan manomi. Shi ke kwana a bakin rumbun doya daga lokacin haƙa har zuwa ranar da za a kai ta kasuwa, shi ke korar birai daga gonar masara, idan rani ya yi kuma shi ke bin mafarauta daji neman gyazbi da gafiya. Duk waɗannan ayyuka da baki yake yin su. Amma abin mamaki, manomin da zai lura da ɗingishin karensa tun daga nesa yana iya yin shekara bai taɓa ɗaga leɓensa ya duba haƙoransa ba.

Babban kare yana da haƙora 42, kyanwa kuma 30. Waɗanda suka fi saurin karyewa a bakin kare su ne fiƙoƙi huɗu na gaba, da kuma babban turmin nan na sama, ɗaya a kowane gefe, wanda yake datsar nama da shi. Fiƙa takan karye ne sakamakon jifa da dutse, ko harbin saniya, ko faɗa, ko cizon sarƙa da tarkon ƙarfe. Shi kuwa turmi, akasari ƙashin ƙafar sa ne ke tsaga shi, sai wani ɓangare ya ɓare daga gefe kamar yadda ɓawon doya ke ɓarewa.

Kafin a taɓa bakin

Tilas ne a fara da wannan gargaɗi. Karen da ciwon hauka ya kama yakan yi ta cizon itace da duwatsu da ƙarfe har haƙoransa su kakkarye. Saboda haka idan aka ga karyayyen haƙori tare da dalala mai yawa, ko sauyin hali, ko sauyin sautin haushi, ko muƙamuƙi ya saki yana reto, kada kowa ya kai hannu bakinsa, ko da kuwa ana zaton ƙashi ne ya maƙale masa. A tsare shi a wurin da yara ba sa kaiwa, a sanar da ofishin dabbobi mafi kusa. Wanda ya ciza, ko yawunsa ya taɓa masa rauni, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har tsawon minti 15, sannan ya tafi asibiti a ranar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe mutum kimanin 59,000 a kowace shekara, kuma kusan dukkansu daga cizon kare ne. Rigakafin da ake yi wa kare tun yana wata uku, ana maimaitawa duk shekara, shi ne ke ba mai shi damar duba bakinsa da kwanciyar hankali. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, a Jihar Filato, ta daɗe tana sarrafa wannan allura.

Abin da za a duba

Haƙori hawa uku ne. Akwai farin sulke mai tauri a waje, wanda a bakin kare siriri ne ƙwarai. Ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai kama da ƙashi. A can tsakiya kuma akwai ɓargo, inda jijiyoyin jini da na jin zafi suke, ta wata 'yar hanya da ta gangara har ƙarshen saiwa. Hukuncin cirewa ko bari ya dogara ne kacokan a kan ko karayar ta kai ga wannan ɓargo.

A sami wanda karen ya saba da shi ya riƙe shi da rana tsaka, a ɗaga leɓe a hankali, a dubi tsakiyar inda ya karye. Idan wurin fari ne ko ruwan ƙasa-ƙasa, sumul ba rami, to tsinin ne kawai ya gutsure. Irin wannan ba ya bukatar cirewa. Likita yana iya goge kaifin don kada ya yanki harshe, ya shafe wurin da abin toshewa, sai a riƙa dubawa lokaci-lokaci. Idan kuwa aka ga ɗigon ja ko jini a tsakiya, ɓargo ya buɗe kuma karayar sabuwa ce. Baƙin ɗigo mai rami yana nuna ɓargon ya riga ya mutu. Haka nan haƙorin da bai karye ba amma ya rine ya koma ruwan toka ko shunayya bayan an buge shi, mafi yawa cikinsa a mace yake.

A nan ne yawancinmu muke kuskure. Sai a ce ai karen yana cin abincinsa, ba abin da ke damunsa. Kare dabba ne mai ɓoye ciwo. Zai koma tauna da ɗaya gefen, ya daina ɗaukar abu mai tauri, ya riƙa kawar da kai idan an shafa fuskarsa. Ɓargon da ya buɗe ba ya rufewa da kansa. Ƙwayoyin cuta suna bin hanyar har saiwa, su tara mugunya cikin ƙashin muƙamuƙi, ko da za a ɗauki watanni. Kumburin nan da ake gani ƙasan idon kare, ya fashe ya yi ta tsiyaya, ya warke ya sake dawowa, sau da yawa daga saiwar turmin sama yake. Masu shi sukan ɗauka sarar maciji ne ko miki, su yi ta sayen kafso. Maganin yakan sa kumburin ya saɓe na ɗan lokaci, amma muddin ruɓaɓɓen haƙorin yana nan, zai dawo.

Cirewa ko gyara

Da zarar ɓargo ya buɗe, hanya biyu ce ta rage. Ta farko ita ce gyara: likita ya kwashe ɓargon, ya wanke ramin, ya cike shi, haƙorin ya ci gaba da aiki ko da yake ba rai a cikinsa. Ga ƙaramin kare da bai wuce shekara biyu ba, idan aka kai shi cikin kwana biyu da karayar, ana iya yanke saman ɓargon kaɗai a rufe, sauran ya rayu. Wannan aiki yana bukatar ƙwararre da na'urar ɗaukar hoton haƙori, da sake komawa bayan watanni don a tabbatar ya yi kyau, kuma kuɗinsa ya fi na cirewa nesa. Sai manyan asibitoci ake sa ran samunsa, irin asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Joseph Sarwuan Tarka da ke Makurɗi, wadda a da ake kira Jami'ar Aikin Gona, ko na Jami'ar Ahmadu Bello Zariya. Yana da kyau a tambaya tukuna kafin a ɗauki hanya.

A ganinmu, wahalar gyara ta fi dacewa da fiƙar matashin karen farauta ko na kiwo, musamman fiƙar ƙasa, wadda saiwarta ta cika gaban muƙamuƙi kuma take tallafar harshe. Idan haƙorin ya tsage har cikin dasashi, ko yana girgiɗi, ko karen ya tsufa, ko babu halin zirga-zirga, cirewa ta fi. Ba abin kunya ba ne. Kare mai giɓi yana cin abinci sarai, yana gadi kamar da, kuma masu shi sukan ga ya ƙara kuzari bayan an rabu da ciwon.

Sai dai cirewa aikin fiɗa ne. Saiwar fiƙa ta fi abin da ake gani a waje tsawo, kuma a lanƙwashe take. Wanda ya kama ta da filaya ya finciko, ko dai ya karya ta a ciki, ko ya huda zuwa kogon hanci idan ta sama ce, ko ya karya muƙamuƙi idan ta ƙasa ce. Turmin sama kuwa saiwa uku gare shi, sai an raba shi kafin a fitar da su ɗaya bayan ɗaya. Dole ne a yi wa dabbar allurar barci, a kuma ɗinke wurin. Likita zai faɗi tsawon lokacin da za a hana ta abinci kafin aikin.

Ɗan kwikwiyo yana da haƙora 28, yakan fara famfara wajen wata huɗu, ya gama kafin wata bakwai. Idan fiƙarsa ta farko ta karye har ɓargo, an fi so a cire ta, domin mugunya tana iya lalata sabuwar da ke tsirowa a ƙarƙashi.

Bayan aiki, a ba kare abinci mai laushi na kwana 10 zuwa 14, kamar tuwo da aka dama da miya ko romo, ba ƙashi ba farauta. Kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane: ibufurofen yana ɓata wa kare ciki da ƙoda, farasitamol kuwa ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa. Idan an koma cin nama, a riƙa ba shi guringuntsi da jijiya maimakon ƙashin ƙafar sa, kuma karen da ke cizon sarƙarsa a daina barinsa ɗaure yini guda.