Ina Ya Kamata Fankar Kwamfuta Ta Fuskanta?

Sau da yawa mai gyara kan kakkaɓe ƙurar hunturu daga kwamfuta, ya mayar da fanka a juye, sai na'urar ta fara nauyi. Dalili kuwa, yawancin ƙwaƙwalen Intel kan rage gudu idan zafi ya kai digiri 100.

A ganina, fankar da ke kwance bisa ƙarfen shan zafin ƙwaƙwalwa gara ta hura iska cikin haƙarƙarinsa, domin hurawa na kai iska har gindinsa, ta kuma sanyaya kayan da ke kewaye. In ƙarfen a tsaye yake, iska ta bi daga gaban akwatin zuwa bayansa. Kafin a ɗaure noti, a duba kibiyar gefen fankar. In babu, iska na fita ta ɓangaren da sandunan riƙe injin suke.