Kwanar da ke cinye injin babur a cikin mota

A Ingila, masu ƙera mota a garejin gida sukan ɗora mata injin babur, musamman na Suzuki Hayabusa mai cc 1,299 da ya fito a 1999, saboda ga ƙarfi ga rashin nauyi. Sai dai kwana ce ajalin injinan da yawa.

Babur yakan kwanta idan ya sha kwana, don haka baƙin mai na zaune daram a gindin kasko, inda famfo ke zuƙarsa. Mota kuwa ba ta kwanciya. Mai sai ya tattare gefe guda, famfo ya zuƙi iska, cikin 'yan daƙiƙoƙi ƙarafa su fara cin juna. Kafin jar fitila ta kama a gaban direba, sau da yawa aikin gama ya gama.

Mai ƙaramin ƙarfi kan sanya farantin ƙarfe cikin kaskon don ya tare man, dabarar da kan wadatar a tuƙin titi. Wanda zai shiga filin tsere kuwa, gara ya daure ya kashe kuɗi, ya ware wa man tanki daban da famfon da ke kwashe shi daga kasko, kamar yadda kamfanin Radical na Peterborough ke yi wa motarsa SR3.