Man Ganyaye Masu Ƙamshi: Zai Iya Kashe Tsutsar Ciki?

Idan aka murza ganyen na'a-na'a ko ɓawon lemo, ƙamshi yakan tashi. Wannan ƙamshi daga wani ɗan mai yake fitowa, wanda ke cikin ganyen ko ɓawon. Kanumfari da ganyen itacen turare su ma suna da irinsa. Da shi tsiro yake kare kansa daga ƙwari.

Ana fitar da man ne da tururi. Akan turara ganyen, tururin ya kwaso man, a sanyaya shi, sai man ya taso a kan ruwa a kwashe. A tsirrai da yawa, kilo 100 na ganye ba ya ba da fiye da kilo 1 ko 2 na mai. Saboda haka ɗigo kaɗan yana ɗauke da ƙarfin ganye mai yawa.

Masana sun daɗe suna gwada irin wannan mai a kan ƙwayoyin cutar da ke rayuwa a jikin mutum, kamar tsutsar ciki, da masu kawo tsargiya, da ciwon barci, da zazzaɓin cizon sauro. A ɗakin bincike, an ga wasu daga cikin man suna kashe ƙwayoyin a cikin kwalba. Amma kwalba daban, jikin mutum daban. Kafin a kira abu magani, sai an gwada shi a kan dabbobi, sannan a kan mutane, an san adadin da ke warkarwa da adadin da ke cutarwa. Yawancin waɗannan mai ba su kai wannan matsayi ba.

Akwai darasi a tarihi. A shekarar 1909 aka fara babban yaƙi da tsutsar ciki mai shan jini a kudancin Amurka. Da farko an ba mutane wani sinadari mai suna taimol, wanda ake samu a man wani ganye. Daga baya aka koma ga man wata ciyawa mai wari. Man ya fitar da tsutsa ƙwarai, amma ya kashe wasu masu shansa, musamman yara, domin tsakanin adadin magani da adadin guba ba nisa. Da aka sami magunguna marasa wannan haɗari, sai likitoci suka bar shi. Yau ƙwayar albendazol ko mebendazol ake bayarwa.

Wannan ba ya nufin itatuwa ba su da magani. A shekarar 1820 aka fitar da kwinin daga ɓawon wani itacen Kudancin Amurka. A 1972 kuma wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, tare da abokan aikinta, suka fitar da maganin zazzaɓi daga ganyen tazargade. An ba ta lambar yabo ta Nobel a 2015. Wannan sinadari ne tushen ƙwayar ACT da ake bayarwa a asibiti. Amma an tace shi, an auna shi, an haɗa shi da wani maganin. Shi ya sa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta goyon bayan shan ganyen tazargade a madadin ƙwayar. Ƙarfinsa ba ɗaya ba ne daga gona zuwa gona, kuma maganin da bai isa ba yakan sa cuta ta yi taurin kai.

To, me ya kamata magidanci ya yi? Kada a ɗura wa yaro man turare ko man kanumfari. Ƙaramin cokali ɗaya na man turare yana iya sa yaro jijjiga da suma, man kanumfari kuma yana iya lalata hanta. Mai ciki ma ta guje su. A ajiye kwalbar inda hannun yaro ba ya kaiwa. Idan ya sha bisa kuskure, kada a sa shi amai, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar.

Mai zazzaɓi ya je a gwada jininsa. Mai fitsarin jini ko yaro mai kumburin ciki da rama, a kai shi ɗakin shan magani. A riƙa kwana cikin gidan sauro, a sa takalmi, a yi amfani da masai, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Rigakafi ya fi magani.