Kwaɗo da Sha'awar Buɗe Shi Ba da Makulli Ba

Yawancin kwaɗunan da ke rataye a ƙofofin shaguna a kasuwar Jega da ɗakunan ajiyar albasa a Aliero ƙirarsu ta ciki ɗaya ce, wadda wani Ba'amurke mai suna Linus Yale ƙarami ya yi wa rajista a shekarun 1860. Akwai ɗan bututu mai juyawa inda ake zura makulli. A bisansa akwai ramuka huɗu ko biyar, kowanne da 'yan ƙusoshin tagulla biyu, ɗaya kan ɗaya, ɗan sifirin yana danne su. Aikin haƙoran makulli shi ne su ɗaga kowace ƙusa daidai gwargwadonta, har mahaɗarsu ta zo daidai da bakin bututun, sai ya juya kwaɗo ya buɗe.

A Turai da Amurka akwai masu ɗaukar buɗe kwaɗo ba da makulli ba a matsayin wasan gwada basira, har da ƙungiyoyi irin su TOOOL da ta samo asali a ƙasar Holan. Abin ya daɗe. A baje kolin Landan na 1851, Alfred Hobbs ya buɗe kwaɗon kamfanin Bramah da aka yi shekaru ana cika baki da shi, amma sai da ya ci masa sa'o'i 51. Yanzu bidiyoyin wasan sun cika YouTube, matasa na kallo a waya, kayan wasan kuma ana tallarsu a intanet. Ba su da yawa: lanƙwasasshen ƙarfe mai riƙe bututun, da siririn tsinke mai ƙugiya da ake taɓa ƙusoshin da shi. Mai koyo kan fara da kwaɗon roba garai-garai wanda ake ganin cikinsa.

Masu wasan suna da ƙa'idoji biyu. Ba a taɓa kwaɗon wani sai da izininsa, ba a kuma gwaji a kan kwaɗon da ake amfani da shi, ko da na mutum ne. Dalilin ta biyun a fili yake: tsinke kan karye a ciki, sifirin kan lalace, a wayi gari makullin asali ma ya ƙi shiga.

A ƙasar Kebbi akwai ta uku, kuma ta fi sauran nauyi. Saurayin da 'yan banga suka tare da dare a Maiyama, aka laluba aljihunsa aka ga waɗannan tsinkaye, kalmar "wasa" ba za ta fitar da shi ba. In aka yi rashin sa'a wani ya yi ihun ɓarawo, kafin a kai ga ofishin 'yan sanda mai afkuwa ta afku. Saboda haka kayan a gida suke zama, da sanin iyaye. Wanda makullinsa ya ɓata kuwa, mai yankan makulli zai nema, ko a fasa kwaɗon da rana a gaban maƙwabta.

Ɗan kasuwa ma yana da abin ɗauka. Ɓarawo bai cika zama lallaɓa ƙusoshi ba, ya fi yanke wuyan kwaɗo ko ya ɓalle maratayin da aka kafa da gajerun ƙusa a ruɓaɓɓen katako. Sai a duba kaurin wuya da ƙarfin maratayi kafin a duba ƙyalli. Kwaɗo mai araha kuma sau da yawa makullin ɗaya kan buɗe ɗan'uwansa na kwali guda, don haka mai saye ya gwada tun a gaban mai shago. Idan ƙurar hunturu ta sa kwaɗo taurin kai, ba a ɗiga masa man gyaɗa ko manja, domin mai yana kama ƙura ya daskare. Ana goga bakin fensir ne a haƙoran makulli, a zura a fitar sau biyu ko uku har ya saki.