Daga majigi zuwa daji: abin da matafiyi zai ɗauka a kayan Indiana Jones

Duk wanda ya taɓa zama gidan silima ko gidan bidiyo zai gane mutumin nan ko daga inuwarsa: hula mai baki, rigar fata, jikka a rataye, bulala a ƙugu. Indiana Jones ke nan, malamin jami'a mai tonon kayan tarihi, wanda Harrison Ford ya fara fitowa a matsayinsa a shekarar 1981, cikin fim ɗin da masu jin Faransanci suka sani da suna Les Aventuriers de l'arche perdue. George Lucas ya ƙago labarin, Steven Spielberg ya shirya shi. Wasu fina-finai huɗu sun biyo baya, a 1984, 1989, 2008 da 2023, kuma a cikinsu duka shigar gogan ba ta sake ba.

Shigar nan ta zama kasuwa. A shekarar 2024 an yi gwanjon hular da aka sa a fim na biyu kan dalar Amurka dubu 630, kuɗin da ya haura miliyan 350 na sefa. A Amurka da Turai akwai masu sayen kwafin kayan don su ajiye a ɗaki ko su sa ranar biki. Akwai kuma waɗanda suke son su shiga daji da su, su hau dutse, su kwana a fili. Waɗannan na biyu su ne suka tayar da tambayar da ta shafi mai karatu, ko ma'aikaci ne da ake aikawa rangadi ƙauyuka, ko ɗan kasuwa mai kwana biyu a kan hanya: a cikin kayan nan, wane ne na aiki, wane ne kuma na idon ƴan kallo?

Asalin kayan

Wata mai tsara tufafin ƴan wasa, Deborah Nadoolman, ita ta haɗa shigar. Ta faɗa da bakinta cewa sun kalli wani tsohon fim na 1954, Secret of the Incas, inda Charlton Heston ya fito da hula da rigar fata masu kama da waɗannan. Da yake labarin Indiana Jones na farko a shekarar 1936 yake faruwa, sai ta nemi kayan da mutanen wancan zamani suke sawa a bakin aikinsu.

Hular daga shagon Herbert Johnson na birnin Landan ta fito, an yi ta da gashin zomo da aka curɗa aka matse har ya zama kamar ƙyalle mai kauri. Rigar fatar an ɗauko samfurinta daga rigar matuƙan jiragen saman yaƙi na Amurka mai lamba A-2, wadda suka fara sawa a 1931. Wani maɗinkin fata na Ingila, Peter Botwright, shi ya ɗinka ta, kuma kamfaninsa na Wested Leather ya yi shekaru yana sayar wa jama'a irinta. Takalmin na kamfanin Alden ne na Amurka, mai lamba 405, irin wanda Harrison Ford yake sawa tun yana kafinta, kafin ya yi suna. Jikkar kuwa ta sojan Ingila ce, wadda suke zuba abin rufe fuska na kariya daga iskar guba. An cire mata igiyarta aka sa ta fata. A nan masu fim sun yi ɗan zamba cikin aminci, don ba a fara yin wannan jikka ba sai lokacin yaƙin duniya na biyu, shekaru bayan 1936.

Taguwar da wandon su ma daga bariki suka fito. Kalmar kaki da kowa yake faɗa a kasuwa asalinta daga Farisanci ne, ta biyo ta harshen Urdu, ma'anarta ƙura. Sojojin Ingila da ke Indiya suka fara rina tufafinsu da wannan launi a shekarun 1840, don kada abokin gaba ya hango su daga nesa.

Ashe ke nan kowane abu a jikin Indiana Jones yana da mai shi na asali: soja, matuƙin jirgi, kafinta. Kayan aiki ne aka ara aka kai gaban kyamara. Mai son ya mayar da su bakin aiki sai ya san abin da kyamara ta sauya musu.

Abin da kyamara ta buƙata

An fara ɗaukar fim ɗin a watan Yuni na 1980 a garin La Rochelle na Faransa. Kafin a fara, Nadoolman ta zauna da buroshin ƙarfe da wuƙar aljihun Harrison Ford tana kankare sabuwar rigar fata, don ta yi kama da wadda ta sha shekaru a jiki. Hular ma an murɗe ta, an zauna a kanta, an shafe ta da ƙura. An rage faɗin bakinta don a riƙa ganin idon ɗan wasan, an kuma bar ta da faɗin da zai ɓoye fuskar masu shiga madadinsa a wuraren haɗari. Kuma ba riga ɗaya aka ɗinka ba. In wannan ta yage, ga wata a ajiye.

Wuraren da ake cewa Masar a cikin fim ɗin, a Tunisiya aka ɗauke su, a hamadar yankin Tozeur da birnin Ƙairawan, garin mai Risala, wanda ya tsaya a matsayin Alƙahira. Zafi ya gallabi ma'aikata, ciwon ciki ya kwantar da da yawa daga cikinsu. Wurin nan da kowa yake tunawa, inda wani ƙato ya fito yana wasa da takobi, Indiana Jones ya zaro bindiga ya harbe shi, da farko faɗa mai tsawo aka tsara. Zawo ne ya hana Harrison Ford tsayuwa, aka gajarce. Mai lura zai ga kuma cewa a wannan wuri na kasuwa ba rigar fata a jikinsa, taguwa ce kawai. Ko a fim, rana ta tilasta masa tuɓewa.

Ɗan wasa yana sa kaya na ƴan mintoci, ya koma inuwa, a miƙo masa ruwan sanyi. Matafiyi kuwa da kayan da ya fito da su zai wuni, da su zai kwana. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Bari mu bi kayan ɗaya bayan ɗaya.

Hula

Amfanin hular yana ga bakinta mai faɗin kamar santimita 7, wanda yake kare fuska da kunnuwa da ƙeya, da kuma tsawonta da yake barin iska tsakanin kai da rana. Illarta gashin zomo ne, mai riƙe zafi, wanda aka yi don sanyin Turai. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, wanda ya sa ta zai dafa kansa da kansa. Ba ta kuma da igiyar haɓa. A fim ba ta faɗuwa don in ta faɗi sake ɗauka ake yi, amma a bayan mota a kan hanyar Agadas iska ɗaya ta ishe ta. Masu tafiye-tafiye a ƙasashen zafi sukan nemi mai irin wannan siffa ta kaba ko ta ƙyallen auduga mai ƙananan huji. A nan ba mu da abin koyo wurin kowa: malfar manomi da ta makiyayi sun riga sun warware matsalar, da faɗin baki da igiya duka. Rawani kuma yana yin abin da hula ba ta yi, wato toshe hanci da baki ranar ƙura.

Taguwa da wando

Nan ne aka fi samun abin ɗauka. Taguwar ta auduga ce, mai dogon hannu, da aljihu biyu masu murfi a ƙirji. Dogon hannu yana kare fata daga rana da ƙaya da sauro, a kuma naɗe shi in an shiga inuwa. Aljihu mai maɓalli yana riƙe katin shaida da takardar izinin tafiya ko da mutum ya sunkuya. Launin kaki yana ɓoye ƙura, ba ya kuma shan zafi kamar baƙi. Kowane tela a Maraɗi ko Damagaram zai iya ɗinka ta. Sharaɗi biyu ne: yadin ya zama auduga zalla, kuma ɗinkin ya zama sakakke, don iska ta samu hanya. Yadin leda yana da araha da ƙyalli, amma yana tsare gumi a jiki. Ƴan igiyoyin kafaɗa na soja ne, don maƙala galo. Farar hula zai iya cewa tela ya bar su, ko don kada a yi masa tambayar da ba ya so a shingen hanya.

Wandon fim na ulu ne. Duk wanda ya taɓa ratsa gona bayan kaka ya san abin da ƙarangiya take yi wa ƙyalle mai gashi. A ɗauki yankansa, wato ɗaurin ƙugu a sama da yalwar cinya da suke barin mutum ya tsuguna ko ya hau babur, a bar ulun, a nemi kaki mai kauri da santsi.

Rigar fata

Ita ce ta fi jan ido, ita ce kuma ta fi cin kuɗi. Ta fim ɗin farko da fatar ɗan rago aka yi ta, mai laushi da rashin nauyi, mai saurin yagewa in ta haɗu da ƙaya. Amma akwai dabara biyu a ɗinkinta da suka cancanci a kwaikwaya. An cire saƙar robar da rigar matuƙan jirgi take da ita a ƙugu da wuyan hannu, don kada ta maƙale bulala da bindiga. An kuma yi mata ninki biyu a baya, daga kafaɗa zuwa ƙasa, waɗanda suke buɗewa in mutum ya miƙa hannu. Mai tuƙa babur ko mota zai ji daɗin wannan ninki.

Fata ba ta da amfani a bazara, kuma ruwan damina yana ɓata ta in ba a shafa mata mai ba. Lokacinta ɗari ne, Disamba da Janairu, sa'ad da sanyin asuba a arewa yake sauka ƙasa da digiri 10, iska kuma tana ratsa ƙyalle. Wanda ya ga yana bukatarta, ya tuna cewa sojan Amurka da fatar doki da ta akuya suka riƙa ɗinka A-2, saboda ƙwari. Fatar jar akuyar Maraɗi kuwa ta yi suna a duniya wajen laushi da ƙarfi. Irinta ce fatake suka riƙa ƙetarawa da ita hamada a zamanin da, har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko, don can suke sayenta. Abin takaici ne a fitar da fata ɗanya a araha, a dawo a sayi rigar bosho ta fatar roba wadda za ta fara ɓarewa kafin ɗari biyu.

Takalmi

Takalmin yana rufe idon sawu, yana kare ƙafa daga tsidau da kunama da targaɗe. Babbar fa'idarsa ita ce ɗinke tafinsa aka yi da zare, don haka in ya cinye baduku zai iya sake masa wani. Na Alden kuɗinsa ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci, kuma ba dole ba ne. Abin dubawa a kowane takalmi shi ne ɗinkin tafi, don wanda aka manne da gam kawai zafin yashi yakan ɓamɓare shi. Kada a fita doguwar tafiya da sabon takalmi. A sa shi mako biyu a gari tukuna, da safar auduga. A kuma riƙa kakkaɓe shi kowace safiya kafin a zura ƙafa.

Jikka da bulala

Jikkar ta tamfol ce, da ƴan rabe-rabe a ciki, daidai ɗaukar takardu, tocila, magani da wayar salula. Indiana Jones yakan rataya ta sannan ya ɗora riga a kai, dabarar da take da amfani a cunkoson tasha. Amma jikka mai igiya ɗaya tana karya kafaɗa in an cika ta, igiyar kuma tana maƙalewa. A fim na 1989 ita ce ta rataye shi a bakin bindigar tankar yaƙi. In kaya sun yi nauyi, ta goyo ta fi. Kuma akwai abin da ba a cika ganinsa a jikin gogan ba, alhali shi ne farkon guzurin mai shiga daji: ruwan sha.

Bulalar wani mai suna David Morgan ya kitsa ta da fata, tsawonta kamar mita 3. A fim tana zama igiyar lilo da makami. A hannun wanda bai iya ba, idonsa za ta fara samu. Igiya mai ƙwari da wuƙar aljihu sun fi ta amfani sau goma. Bindiga kuwa ba ma sai an faɗa ba.

Na majigi da na gaske

Ƙasar nan ta ga masu tono na gaske. Bafaranshe Philippe Taquet ya yi aiki a Gadufawa tun shekarun 1960, Ba'amurke Paul Sereno kuma ya zo da tawagarsa a shekarun 1990, suka haƙo ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ɓace, har a shekarar 2000 suka ci karo da tsohuwar maƙabartar Gobero. Wanda ya duba hotunan aikinsu zai ga buroshi da guduma da jarkokin ruwa, zai ga jagorori Abzinawa da rawunansu. Ba zai ga bulala ba.

Tun 1989 aka ajiye hula ɗaya da riga ɗaya na Indiana Jones a gidan tarihin Smithsonian da ke birnin Washinton, kuma can ya dace da su. Mai karatu da yake shirin rangadi, abin da zai kai wa tela bai wuce yadi na auduga da bayani uku ba: dogon hannu, aljihu mai murfi, ɗinki sakakke. Sauran kuɗin ya sayi takalmi mai ɗinki, da malfa, da goran ruwa. Tsufan da Nadoolman ta yi wa riga da buroshin ƙarfe a dare ɗaya, hanya za ta yi wa tasa a kyauta. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.